Babur Na Doguwar Tafiya Mai Iya Shan Kwana: Me Ya Kamata A Duba Kafin A Saya?

Wane babur ne zai ɗauki mutum kilomita 500 a wuni ɗaya ba tare da ya sauka yana dafa ƙugu ba, kuma idan aka shiga hanya mai kwane-kwane ya riƙa juyawa cikin sauƙi? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a tsakanin masu manyan babura, kuma ta ƙara zafi tun da kamfanoni suka fara janye tsofaffin baburan da aka san su da wannan aiki. Yamaha ta yi bankwana da FJR1300 a kasuwar Turai a 2020 saboda dokar hayaƙi ta Euro 5, Honda ta daina ƙera ST1300 da VFR800, sai ga wasu dogayen babura masu tsayin ƙafa sun cika gurbin. Mai saye ya shiga ruɗu, domin abin da ake kira da suna ɗaya ya zama iri uku ko huɗu, kuma mafi yawan masu talla ƙarfin inji kawai suke faɗa masa, alhali shi ne abu na ƙarshe da ke sa tafiya ta yi daɗi.

Mene ne ainihin wannan babur?

Turawa suna kiransa "sport touring", wato gamin gambizar babur ɗin tsere da babur ɗin yawon duniya. A gefe guda akwai irin su Yamaha R1, nauyinsa kusan kilo 200, mahayi yana kife a kan tanki, gwiwa a naɗe, ba wurin kaya. A ɗaya gefen akwai Honda Gold Wing mai silinda 6 da inji cc 1,833, wanda samfurinsa mai akwatin baya ya haura kilo 380, sirdinsa kamar kujerar falo. Na farko yana shan kwana amma yana karya baya cikin awa ɗaya. Na biyu yana hutar da jiki amma juya shi a lungu aiki ne. Babur ɗin da muke magana a kai shi ne na tsakiya.

A tsakiyar ma akwai unguwanni. Akwai masu nauyi da suka karkata ga tafiya: FJR1300 da ya fito a 2001, BMW R1250RT, Kawasaki 1400GTR, Honda ST1300. Waɗannan suna tsakanin kilo 280 da 330, kuma dukkansu sandar ƙarfe ce irin farfelar mota take juya tayar baya. Akwai waɗanda suka karkata ga gudu: Kawasaki Ninja 1000SX mai kilo 235 da Suzuki GSX-S1000GT mai kilo 226, masu sarƙa, ƙarfinsu doki 140 zuwa 150. Sai dogayen nan na zamani, irin su Yamaha Tracer 9 GT, Honda NT1100 da Kawasaki Versys, waɗanda ake zama a kansu a miƙe kuma cikin yawancinsu ya ɗaga daga ƙasa.

Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe: an ƙera yawancinsu ne da titin Turai a zuciya, wato shimfiɗaɗɗiyar babbar hanyar Jamus da kwanonin tsaunukan Alps. Duk wanda hanyarsa ba irin wannan ba ce, dole ya auna kowane yabo da ya ji da kwaltar da zai bi.

Inda gajiya take fitowa

Mutane suna ɗauka laushin sirdi ne jin daɗi. Ba haka ba ne. Abin da ke hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin wurare uku: sirdi, hannun babur da matakin ƙafa.

Idan hannun ya yi ƙasa kuma ya yi nisa, nauyin ƙirji yana sauka a kan wuyan hannu, wuya kuma yana lanƙwashewa don a ga gaba. Bayan awa biyu yatsu su fara mutuwa, keya ta ɗau zafi. Idan kuma an miƙe tsaye sak, dukkan nauyi yana sauka a kan ƙashin mazauni, kowane rami kuma ya bugi ƙashin baya kai tsaye. Zaman da ya fi daɗewa ba gajiya shi ne na ɗan rusunawa gaba kaɗan, gwiwar hannu a sake, yadda mazauni da cinya da ƙafa za su raba nauyin. Matakin ƙafa kuma idan ya yi sama, babur zai iya kwanciya sosai a kwana ba tare da ya karci kwalta ba, amma gwiwa ce ke biyan kuɗin. Mai tsayi da ya haura santimita 180 zai fi jin wannan a kan Ninja ko GSX fiye da kan NT1100 ko RT.

Shi sirdi, faɗinsa da taurinsa ake dubawa. Soso mai laushi yana da daɗi a wurin mai sayarwa, amma bayan minti 40 ya lotse, mutum ya koma zaune kan farantin da ke ƙasa. Mai ɗan tauri, mai faɗi daga baya, siriri daga gaba, shi ne na tafiya. Sirantar gaban nan ce take ba ƙafa damar isa ƙasa, shi ya sa tsayin sirdi da aka rubuta a takarda yake yaudara: yawancin baburan nan suna tsakanin milimita 805 da 835, amma sirdi mai faɗi na 805 yana iya fi wa gajere wuya a kan siriri na 825. FJR da RT suna da sirdi mai hawa biyu, ana sauke shi ko a ɗaga.

Sai iska, wadda ita ce babbar mai cin ƙarfin mahayi. Idan gudu ya ninka, turin iska ninkawa yake sau huɗu, don haka abin da ƙirji ke tarewa a kilomita 120 ya ninka na 60 har huɗu. Aikin rigar robar gaba da gilashi ke nan. Sai dai dogon gilashi ba kullum yake zama alheri ba. Idan bakinsa yana jefo iskar daidai saitin hular kwano, sai hular ta riƙa girgiza tana duka kamar ganga, idanu su gaji, kai ya yi ciwo. Gwajinsa mai sauƙi ne: a gudun kilomita 100 ka ɗan ɗaga wuya, sannan ka ɗan sunkuya. Idan ƙarar ta ragu da ka ɗaga, gilashin ya yi maka tsawo ko kusurwarsa ba ta dace ba. Idan ta ragu da ka sunkuya, ya yi maka gajarta. Saboda wannan ne gilashi mai hawa da sauka yake da daraja. A FJR da RT maɓalli ake dannawa, a Ninja 1000SX da NT1100 da hannu ake gyarawa. Ko da gilashin ya dace, ƙarar iska a cikin hula a irin wannan gudu tana wuce desibel 90 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan aka daɗe. 'Yar toshiyar kunne ta soso tana rage gajiyar wuni fiye da yadda mutum zai zata, kuma ba ta hana jin hon.

A ƙasa mai zafi akwai ƙarin magana. Rigar da ke tare sanyin Turai ita ce ke tare iskar da za ta busar da gumi a watan Afrilu. ST1300 da FJR na farko-farko, kafin gyaran da Yamaha ta yi a 2006, sun yi suna wajen hura zafin inji a ƙafar mahayi. Wanda zai riƙa ratsa cunkoson gari a zafin digiri 40 ya yi la'akari da wannan da gaske.

Abin da ke sa babur ya yi sauƙin juyawa

Nauyi yana da tasiri, amma ba kamar yadda ake zato ba. Da zarar babur mai kilo 290 ya fara tafiya, nauyin yana ɓacewa, musamman idan injin yana ƙasa-ƙasa kamar na BMW mai silinda biyu a kwance. Inda nauyi ke bayyana shi ne wajen tura shi baya a gangare, juyawa a kan yashi, da ɗaga shi idan ya faɗi. Dogayen baburan kuma, duk da sun fi sauƙi a sikeli, tankinsu yana sama, don haka a tsaye suna iya rinjayar mutum.

Tazarar tayar gaba da ta baya ita ma tana magana. Ninja 1000SX tana da milimita 1,440, FJR tana da 1,545, Gold Wing 1,695. Gajere yana saurin faɗawa kwana, dogo yana riƙe layi idan tirela ta wuce ta bugo iska. Faɗin hannu kuma yana ba da ƙarfin murɗawa, shi ya sa Tracer ke ji kamar ba nauyi a hanya mai kwane-kwane.

Amma abin da ya fi lalata tuƙi, kuma aka fi mantawa da shi, taya ne da saitin shok.

Kusan duk baburan nan tayarsu inci 17 ce, lambar girman da ke jikinta 120/70 a gaba, 180/55 ko 190/50 a baya. Doguwar tafiya a miƙaƙƙiyar hanya tana cinye tsakiyar tayar baya ta bar gefe, sai ta zama mai kusurwa maimakon zagaye. Babur mai irin wannan taya yana ƙin kwanciya, idan ya kwanta kuma ya faɗa gaba ɗaya lokaci guda. Mutum ya yi ta zargin babur alhali taya ce. Tayoyin da aka yi don wannan aiki, irin su Michelin Road 6, Bridgestone T32 da Pirelli Angel GT, tsakiyarsu roba ce mai tauri, gefensu mai laushi. Wasunsu suna da samfuri na musamman mai ƙarin ƙarfi don manyan babura irin FJR da RT. Iskar da yawancin kamfanoni ke rubutawa ita ce 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin masu faci, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Iska ta ragu da 5 ko 6 kawai, kan babur zai yi nauyi.

Saitin shok kuwa ana auna shi ne da tef, da taimakon mutum biyu. A ɗaga bayan babur har taya ta saki ƙasa, a auna daga tsakiyar wilin baya zuwa wata alama a jikin wutsiya daidai samansa. Sai a sauke, mahayi ya hau da kayansa ya ɗora ƙafa a mataki, wani ya riƙe babur, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar motsin shok ɗin, wato milimita 35 zuwa 45 a yawancinsu. Idan aka ɗauki fasinja da kaya ba a ƙara ɗaure sifirin ba, baya zai zauna, gaba ya yi sauƙi, fitila ta haska sama, babur ya riƙa buɗewa waje a kwana. Don haka babur mai ƙullin murɗawa da hannu a gefe, ko mai saitin lantarki, ya fi wa mai yawan sauya kaya amfani nesa ba kusa ba.

Nan ne maganar hanya ta shigo. Ninja 1000SX milimita 135 ce tsakaninta da ƙasa, FJR 130, shok ɗin gaban Ninja kuma milimita 120 yake motsawa. NT1100 tana da 175 daga ƙasa da shok mai motsin 150. Wannan bambancin na santimita uku ko huɗu shi ne tsakanin wuce tudun rage gudu lafiya da fasa salansa ko kaskon baƙin mai, kuma shi ne tsakanin shanye rami da lanƙwasa wili. Wilin gami mai inci 17 da siririyar taya ba ya yafe rami mai kaifin baki. Wanda ya san hanyarsa tana yawan karkata zuwa burji saboda aikin titi, ya duba masu tayar gaba inci 19 irin Suzuki V-Strom, ko da kuwa masu tsattsauran ra'ayi za su ce wannan ya fita daga gidan.

Sarƙa ko farfela?

An daɗe ana wannan muhawara, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sarƙa, wadda makanikai ke kira cen, ba ta da nauyi, ana samun madadinta, kowane bakanike ya san ta. Amma tana son mai duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, tana son a duba sakinta, yawanci milimita 25 zuwa 35, kuma ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar sanfefa tana cin ƙarfe. Idan ta ƙare, tare da faranti biyun nan masu haƙora ake canza ta. Sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa. Farfela a rufe take, ba ruwanta da ƙura, man giyarta kawai ake canzawa. Matsalarta ita ce ranar da ta lalace, domin ba abin da za a gyara a bakin titi ne ba. Ga mai cin dubban kilomitoci a shekara, farfelar FJR da ta ST sun yi suna wajen juriya. Ga wanda zai yi nisa da inda ake samun kayan gyara, sarƙa ta fi kwanciyar hankali.

Tanki, kaya da fasinja

Lissafin mai ba wuya. Baburan cc 1,000 zuwa 1,300 suna cin kusan lita 5 zuwa 6 a kilomita 100 idan ana tafiya da hankali. Tankin Ninja da GSX lita 19 ne, wato kimanin kilomita 300 kafin hankali ya tashi. FJR da RT lita 25, ST1300 lita 29. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, ke nan mai lita 19 dole ya sha mai a hanya, mai lita 29 yana iya isa. Muhimmancin wannan ya wuce ɓata lokaci: injin zamani mai injekta ba ya jure gurɓataccen fetur, kuma babban tanki yana ba mutum damar zaɓar gidan mai maimakon tsayawa wurin 'yan bumburutu. A duba littafin babur ɗin kuma, domin da yawa daga masu ƙarfin nan fetur mai lambar inganci 95 suke nema, alhali a gidajen man Najeriya galibi iri ɗaya ake sayarwa ba zaɓi.

Kowane babur yana da iyakar abin da zai ɗauka, yawanci kusa da kilo 200, kuma a ciki har da mahayi. Mutum mai kilo 85 da kayan kariyarsa, fasinja mai 70, akwatunan gefe 20, na baya 10, an kai 185 ke nan. Akwatin gefe kilo 5 zuwa 10 ake yarda a zuba masa, gwargwadon kamfani. Kaya mai nauyi ya tafi ƙasan akwatunan gefe, a raba daidai; akwatin baya na riga da hula ne, domin nauyi a can sama bayan taya yana sa kan babur rawa a gudu. Idan za a riƙa tafiya da iyali, a je gwaji tare da su. Sirdin bayan Ninja da GSX ƙarami ne kuma yana sama, na RT da FJR kuwa an yi shi ne don wuni.

Na'urorin lantarki: wanne ne dole?

ABS, wato abin da ke hana taya kullewa idan an danne birki, ba abin sasantawa ba ne. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sabbin babura da suka haura cc 125 daga 2016, don haka wanda ya girmi wannan shekara sai an tabbatar yana da shi. Na'urar riƙe gudu tana hutar da hannun dama sosai. FJR ta same ta a 2013, giya ta shida kuma a 2016. Na'urar hana tayar baya sulɓewa tana da amfani da damina. Sauran, irin su shok na lantarki da rada mai gano abin hawa da ke kusa, suna da daɗi, amma kowannensu idan ya lalace sai da kwamfutar kamfani. Wanda babu mai wannan kwamfuta a garinsa ya yi tunani sau biyu.

Batun ƙarfi kuma, ga gaskiyar da ba a son ji. Babur ɗin haya irin Bajaj Boxer mai cc 100 ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Wanda ya tashi daga nan ya faɗa kan doki 140 bai ƙara mataki ɗaya ba, tsani gaba ɗaya ya tsallake. Versys 650 mai doki 60 da 'yan kai yana riƙe kilomita 120 duk wuni da mutum biyu a kai, yana cin mai kaɗan, tayarsa ma ta fi araha. Ga mafi yawan masu fara hawa babban babur, nan ne ya dace a fara.

Idan na hannu za a saya

Yawancin waɗanda ke shigowa Afirka ta Yamma na hannu ne daga Turai, Amurka ko Japan, don haka dubawa ita ce rabin ciniki. A je da safe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. A bar shi yana aiki har fankar lagireto ta kama, wanda yakan faru a wajen digiri 100. Idan ba ta kama ba, babur ɗin zai tafasa a cunkoso. A sa mitar auna wuta a kan batir a ɗan ja totur, ya kamata a ga bolt 13.5 zuwa 14.5. Wannan gwaji ya fi muhimmanci a kan tsofaffin VFR800, waɗanda na'urar daidaita cajinsu ta yi suna wajen ƙonewa. Samfurin VFR na 2002 zuwa sama kuma saitin bawul ɗinsa aiki ne mai tsawo da tsada, a tambayi ko an taɓa yi.

A ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta ɗaga, a juya kan a hankali hagu da dama. Idan ya ɗan maƙale a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. A shafa yatsa a sandunan shok na gaba, danshin mai yana nufin robar ta yage. A juya kowane wili a kalli bakinsa ko ya lotsa. A jikin taya akwai lamba huɗu: 2319 yana nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta yana nan. Fitilar ABS ta kunnu idan an buɗe makulli, ta mutu bayan an fara tafiya. Wadda ba ta kunnuwa sam, mai yiwuwa an cire ta ne don a ɓoye matsala. A mai farfela, a kama tayar baya a girgiza gefe da gefe, a duba ƙasan kaskon ko yana tsiyaya.

Bayan saye, kafin tafiyar farko, a canza man birki da DOT 4, a canza ruwan lagireto da matacin iska, a zuba baƙin mai mai alamar JASO MA ko MA2. Man mota yana sa kulocin babur sulɓewa, domin a yawancinsu kuloci cikin man injin yake wanka.

Kada a biya kuɗi sai lambar da aka buga a wuyan firam ta yi daidai da ta takardar kwastan. A nemi dukkan makullai kuma. Baburan Yamaha masu na'urar hana sata suna zuwa da jan makulli ɗaya, wanda da shi ake yi wa sabon makulli rajista; idan babu shi kuma baƙin ya ɓata, abin yana iya kaiwa ga canza kwamfutar babur ɗin da makullansa gaba ɗaya, don haka rashinsa dalili ne na rage farashi tun a wurin ciniki.